Harsashin Kin Joji na Huɗu

"...lafiya ƙalau muka kwana, har zuwa lokacin da ka shigo. Bari in rufe akurki, Babarbare ya zo gaisuwa."

Haka Nahla ta amsa sallamar Garbai, tana zaune a ƙofar kicin ɗinta a unguwar Damilu, tana farfasa kanwa da wani dunƙulen baƙin ƙarfe mai kamar ƙwallo. Garbai ɗan Goggonta ne, ita 'yar Kawunsa, taubasai ke nan. Ga shi ubansa mutumin Borno, ita kuwa Bafillatanar Yola, saboda haka lasisin zagi biyu kowannensu ke riƙe da shi.

Shi Garbai a aji uku ya bar makaranta, wai malamai sun ƙarar da abin da suka sani. Tun daga nan ya zama masanin kayan yaƙin zamanin da. Ɗakinsa na unguwar Rumde ya cika da kwanson harsashi, da kan mashi, da tsatsattsen ƙarfe iri-iri da yake tsincewa wurin 'yan gwangwan na Jimeta, har shi kansa a karkace yake kwana. To, gobe maƙwabcinsa Malam Abednego, mai koyar da tarihi, zai kawo ɗalibai su gani. Garbai kuwa ya riga ya cika baki a teburin mai shayi cewa yana da harsashin igwa na ranar da Turawa suka biyo kogin Binuwai suka faɗa wa Yola. Harsashin nan kuwa, a lissafinsa, shi ne a hannun Nahla.

"Fillata, ajiye abin nan a hankali! Kin san abin da kike bugawa kuwa?"

"Kanwa."

"Na hannunki nake nufi! Harsashin igwa ne. Igwa, babbar bindiga mai ƙafar keke! Tun ranar Sallah da na gan shi barci ya ƙaurace mini. In ya tashi da ke, sai a Numan za a tsinto ɗankwalinki."

"Shekara nawa ina fasa goruba da shi bai tashi ba, sai yau da ya ga zanen fuskarka?"

"Ba ni shi in kai shi cikin 'yan'uwansa."

"Waɗanne 'yan'uwa? Salansar babur ɗin nan da ka jingina a bango ka ce bakin bindigar kakanka ce?"

"Harba-ka-ruga ce, jahila! Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna da sanda, a jefa dalma. In ka harba sau ɗaya sai ka ruga ka ɓuya ka sake ɗuri. Kakana da ita ya kori Fulani dubu a yini guda."

"Na yarda da rabin sunan. Rugawar dai taku ce ta gado. Harbin ne ban taɓa jin shaida ba."

"Ku da sanda kawai kuka sani? Bafillatani ya ga bindiga ya tambaya ta ina ake tatsarta!"

"Babarbare kuma ya ga igwa ya leƙa ciki ko an ɓoye kifi banda."

Garbai ya ga zagi ba zai fitar da shi ba, sai ya tsuguna kusa da ita ya sassauta murya, kamar mai neman aure.

"'Yar Kawu, ki rufa mini asiri. Gobe in ɗaliban nan suka zo babu harsashi, ba ni ba shan shayi a Rumde har abada. Juyo shi ki gani, akwai hatimi a jiki."

Ta juya ƙarfen. Ga rubutu nan ya kusa shafewa: 4 KG.

"Alhamdu lillahi!" Garbai ya miƙe tsaye ya gyara hula. "K da G, wato Kin Joji, sarkin Ingila. Huɗun nan kuma na huɗu ke nan. Da hannunsa ya buga hatimin, ya ce a kai wa Fulanin Yola su karya kumallo."

Nahla ta dube shi, ta dubi ƙarfen. Sai ta tashi ta shiga kicin, ta jawo buhun shinkafa har gabansa, ta nuna masa gefe.

"Karanta mini nan, masani."

"Hamsin... K... G."

"Ikon Allah! Ashe shinkafar Kin Joji na hamsin muke ci a gidan nan ba mu sani ba! Ga sukarin Kin Joji na ɗaya can a kan kanta. Ni ma da na je asibiti an ɗora ni a sikeli an ce ni ce Kin Joji ta sittin da biyar. Faɗi ka yi gaisuwa, bawana!"

Dariya ta kayar da ita kan tabarma. Garbai kuwa ya ƙura wa buhun ido. A ransa yana ganin fuskar Malam Abednego, yana jin shewar 'yan teburin shayi tun daga nan.

"To in ba harsashi ba ne, mene ne?" ya tambaya da wata 'yar murya.

"Ƙwallon jifa ne, na wasannin makaranta. Ni ce gwanar jifansa a makarantarmu ta kwana a Mubi. Ka manta kofin da na kawo gida ka sha kunu a ciki?"

"To me ya kawo shi Yola? Sata?"

"Gudu." Ta share hawayen dariya da bakin zane. "Ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi muna filin wasa. Harbi ta gaba, mu kuma ƙofar baya da ƙaton kwaɗo, an rasa mai makulli. 'Yan mata sai kuka. Wannan yana hannuna. Na ce Bismillah na maka wa kwaɗon, ya tarwatse, muka bazama daji. Ƙawayena suna ta cewa in yar, hannuna ya ƙi buɗewa. Har muka iso Jimeta yana ƙugunna kamar jariri. Kowa ya gudo da abin kirki, ni na gudo da ƙarfe."

Garbai ya dubi ƙarfen, ya dubi Nahla. Can sai idonsa ya kawo wuta.

"Tsaya! Kin harba sau ɗaya?"

"Sau ɗaya."

"Sannan kika ruga?"

"Har takalmi na bari."

"Allahu Akbar! Harba-ka-ruga ke nan ta gaskiya! Ashe kayan yaƙi ne, ban yi ƙarya ba! Duk ɗakina babu abin da na san ranar da ya yi aiki sai wannan. Igwar ce dai ban gane ba, ashe ga ta nan zaune tana fasa kanwa."

"Ni ce igwar? Allah ya isa!"

"Igwa mai ƙafar sauro, ƙirar Yola. Wallahi na sallama, 'yar Kawu, yau kin ci ni da yaƙi. Ki ba ni shi, gobe in faɗa wa ɗalibai labarin yadda yake. Ba zan ƙara ko gishiri ba."

"Kai? Kafin la'asar kwaɗon ya zama tankar yaƙi."

"Ƙaramar tanka dai."

Ta sake fashewa da dariya. "Ɗauka. Amma ka ce musu Bafillatana ce ta buɗe ƙofa, Babarbare kuma aro ya zo yi. Sannan ka kawo mini salansar kakanka in riƙa hura wuta."

Ta miƙa masa da hannu ɗaya, kamar mai miƙa lemo. Garbai ma ya tara hannu ɗaya don kada a raina shi. Ƙarfen ya ja shi ƙasa, ya dira tim kusa da babban yatsansa, shi kuwa ya yi tsalle ya faɗa kan buhun shinkafa.

"Hannu biyu, Babarbare," in ji Nahla. "Sarki guda ne fa ka ɗauka."