Ƙyauren da Ya Girmi Ɗakinsa

"Lafiya lau, tsohuwa. Yaya ƙafar? Ko ita ma ta gaji da ke?"

"Ƙafa tana nan, ta fi aljihunka lafiya. Shigo, Ɗan Ƙwalisa, amma taka a hankali kada ƙurar gidan talakawa ta ɓata maka takalmi."

Ina bakin famfo ina ɗauraye kwanuka lokacin da ɗan yayana ya shigo da jakar aikinsa. Kafinta ne, hannunsa da kyau, sai dai duk abin da ya samu a ƙafarsa yake ƙarewa. Inna, mahaifiyarmu, ita ta laƙaba masa Ɗan Ƙwalisa, sunan kuma ya bi shi har wurin aiki. Tana zaune a kan tabarma, ta jingina bayanta da ƙyauren ɗakinta. Ba banza ta zauna nan ba, ta riga ta ji ƙishin-ƙishin.

Ƙyauren katako ne, gara da ruwan sama sun cinye ƙasansa, sakata ba ta shiga. Daminar bara sanyin da ke shigowa ta nan ya kwantar da Inna har sai da muka tsorata. Yaya ya sa an ƙera ƙofar ƙarfe, amma da aka zo maganar wa zai cire tsohon, kowa ya noƙe. Shi ya sa aka turo jika, don shi kaɗai ke faɗa mata magana ya kwana lafiya.

"Wannan jakar fa? Yau dai mijina ya tuna da ni ya kawo tsaraba?"

"Tsarabar tana waje a kan baro. Sabuwar ƙofa ce fil. Baba ya ce a sallami tsohon nan."

"Wanne? Tsofaffi biyu ne a nan."

"Da so samu ne duka biyun, amma ni katako kawai na iya cirewa."

"Taɓa shi ka gani. Ƙyauren nan ya fi ka tarbiyya. Shekara da shekaru yana tsaye inda aka ajiye shi, kai kuwa kuɗin aikinka ko kwana ba sa yi."

"Tsaye ina? Jiya na ga ɓera ya wuce ta ƙasansa da matarsa da 'ya'yansa, ko sunkuyawa bai yi ba."

"Baƙina ne. Sun fi ka zumunci, su kullum sai sun leƙo ni."

Ya yi dariya ya durƙusa gabanta, ya ce shi dai bai ga abin so a jikin wannan katako ba, ko mai saye da sayar da tsofaffin kaya sai an haɗa masa da roƙo zai ɗauka. Inna ta juyo ta dube ni, ta ce in gaya wa wannan yaron, ita bakinta ya gaji. Ban gaya masa komai ba, don ya san labarin sarai, tsokana ce kawai. Ni ce dai labarin ya dawo mini sabo.

Muna yara a ɗaki ɗaya muke, a gidan haya. Baba yana gyaran kekuna, Inna tana wankau da guga. Wata rana sai ga ta ta shigo da mutum biyu ɗauke da ƙyaure sabo, yana ƙamshin katako. Ba mu da fili, ba mu da bulo ko ɗaya. Baba ya yi dariya har ya shaƙe, matan gidan suka fito kallo. Ita kuwa ko gezau, ta sa aka jingina shi a bango daidai ƙafar gadonta, inda da ta buɗe ido shi za ta fara gani.

Dalilinta shi ne kuɗi a hannu masu kiransa suna da yawa. Dangi su kira, mai atamfa ta kira, kwaɗayin yara ya kira. Ƙyaure kuwa ba mai zuwa aro. Duk ranar da mai atamfa ta baje kaya a tsakar gida, Inna za ta shafa, ta yaba, ta ɗaga kai ta dubi cikin ɗaki, sannan ta ce sai wani zuwan. Mu yara haushinsa muke ji, don shi ya hana mu sababbin takalma sau da yawa. Bayansa kwanon rufi ya fara taruwa a ƙarƙashin gado, ɗaya bayan ɗaya, sannan aka sami ɗan fili a bayan gari. Ranar da magini ya zo, Inna ta ce da ƙyauren zai auna bakin ɗakin, ba da ra'ayinsa ba. Baban da ya yi dariya shi ya kafa shi da hannunsa. Yau babu Baba, babu yawancin matan gidan hayar nan, kuma ina kewarsu har da ɗakin da muke ƙorafin ƙuncinsa.

"Kakanka ya sha buga gwiwa da shi in ya tashi da asuba," in ji Inna. "Ya ce mini na auro masa katako. Na ce aƙalla shi ba ya cin abinci."

"Allah ya ji ƙan tsoho, ya yi haƙuri. Ni da na dawo na tarar matata ta sayi ƙofa babu gida, likita zan kira."

"Kai da wace matar? Ni ɗin ma don tausayi nake zaune da kai. Ina shagon da kake ta ce mana za ka buɗe tun kafin gemunka ya fito?"

"Ina nan ina shiri."

"Na ga shirin, ga shi nan a ƙafarka yana ƙyalli. Wancan watan baƙi ne, wannan watan ja. In an jima sai ka buɗe shagon a cikin takalmi."

"Mutum ai sai da tsafta, tsohuwa."

"Tsaftar ce ta sa har yau in maigidanka ya yi tari kake miƙewa? Masu kawo aiki kai suke nema, riba ta tafi aljihun wani. Hannu irin na kakanka, zuciya irin ta mai talla."

Wannan ta shige shi. Na ga ya sunkuyar da kai yana wasa da sukudireba. Sai ya ce ta ɗan matsa ya duba. Ta matsa da ƙyar, tana harararsa. Ya ƙwanƙwasa katakon daga sama zuwa ƙasa yana saurare, ya soka ƙusa a gindin, ta shige kamar a cikin burodi. Ya ce sama lafiya lau yake, irin katakon da yanzu ba a samu, amma ƙasan ya mutu wajen taƙi guda. In ya yanke ruɓaɓɓen, ƙyauren ya yi wa ɗakin gajarta, in ya bari, sanyin bana zai ƙarasa abin da na bara ya fara. Wannan karon ba da wasa ya faɗa ba.

Inna ta tambaya, in an cire ina za a kai shi. Ya ce babansa ya ce a faskara a yi wuta.

Ta ɗora tafin hannunta a kan katakon, wurin da ya yi baƙi saboda turawa. Ni kaina sai da na ajiye kwanon da ke hannuna, na ji haushin Yaya ya kama ni, duk da na san gaskiya gare shi.

"Ki ba ni shi," in ji Ɗan Ƙwalisa.

"In ba ka ka sayar ka ƙaro takalmi?"

"In yanke ƙasan, in goge shi, in ajiye. Bakin shago ba sai ya yi tsawon na ɗaki ba."

"Shagon wa? Kana da shago ne?"

"Ke kina da ɗaki ne ranar da kika saye shi?"

Sai dariya ta ƙwace wa Inna, irin wadda na daɗe ban ji ba, har tana dafa ƙirji.

"Ɗan banza, yau ka kama ni. Ɗauka. Amma a tsaye za ka jingina shi, inda za ka gan shi kafin ka ga madubi. In na ji ka kwantar da shi ka yi teburin shan shayi da abokai, da sandata zan zo."

"In kin iya hawa matakalar gidanmu, na yarda ki doke ni."

Ta ce in kawo tsumma. Da kanta ta goge shi gaba da baya, da kanta kuma ta tallafe shi yayin da yake kwance ƙarafan, ta hana ni sa hannu. Har lokacin tana zaginsa tana dariya, amma na san Inna, kewa ta riga ta kama ta. Ya ɗora ƙyauren a kafaɗa ya nufi waje, tana biye da shi da ido.

"Ka bi da shi a hankali a kwanar nan," ta ce. "Tun da ya shigo gidan nan bai taɓa fita ba."