Ranar Da Na Mayar Da Cocinmu Rumbu

Ko sunayen jikokina suka gudu daga kaina, wannan Larabar ba za ta gudu ba. Shekarar da tsutsa ta cinye mana masara ce, kafin wahalar sabon kuɗi, lokacin Saratu matar ɗana tana goyon tagwaye.

Cocinmu na ƙasa ne, a wani ƙauye bayan Tudun Wada. Da kaina na ɗauko ruwan kwaɓinsa ina amarya. Filin kuwa uban Mai Unguwa Sule ne ya ba mazanmu da baki, Musulmi ne amma maƙwabcin kirki, ba takarda ba komai. To ga shi rufi ya rube, bangon gabas ya tsage har kana hango gonar gyaɗa ta ciki. Magina suka ce ba zai ga ƙarshen wata damina ba.

Pasto Yohanna ya ce sai an nemi izinin hukuma kafin a taɓa bulo ɗaya. Na miƙe a gaban dattawa (ni ce uwar zumuntar mata, ba a hana ni magana) na ce, "Pasto, ginin da ba shi da takarda za ka je ka nuna wa masu takarda? Sun manta da mu, kai za ka tuna musu?" Don mun sha jin labarin wuraren da aka shafa wa jan fenti, bayan kwana kaɗan motar rusau ta zo. Ya ce in kwantar da hankalina. Ban kwantar ba. Suka yi ta zirga-zirga, yau sakatariya, gobe Kano, jibi a ce zanen ginin bai cika ba.

Ran nan Pasto da dattawa sun tafi sakatariya, sai ga Rifkatu, 'yar zumuntarmu, a guje, ɗankwali a hannu. "Iya, sun zo! Farar mota, mutum biyu, da igiyar awo da gwangwanin fenti. Suna tambayar coci!"

"Wane launi?"

"Ja!"

Na miƙe zumbur. Amma na san baƙon hukuma ba ya wuce zauren mai unguwa, kuma Malam Sule ba ya sakin baƙo sai ya sha fura. Na tara matan zumunta na ce da su, "Coci suke nema. Kada su tarar da coci."

Jama'a, na ba da umarni kamar soja. Aka kwashe bencina zuwa bayan gidan Talatu, maƙwabciyar coci. Aka cire gicciye, na naɗe shi a zanina. Muka jido buhunan dawa, muka zuba damman kara, na ce a koro awaki da kaji ciki don abin ya yi kama. (Wannan dabarar tawa ce ni kaɗai, kuma a lokacin na ji daɗin kaina ƙwarai.)

Suka iso tare da Mai Unguwa. Babbansu ya rusuna ya gaishe ni. "Iya, nan ne cocin?"

Na dake. "Wane coci, ɗana? Rumbu ne."

Malam Sule ya dube ni. "Iya, lafiya kuwa?"

"Rumbu ne, ranka ya daɗe. Tun ina amarya rumbu ne."

Rufe bakina ke da wuya, zakaran Talatu ya haye kan buhu ya yi cara. Duk mai zuwa coci ya san labarin wanda ya yi musun Ubangijinsa zakara ya tona shi. Rifkatu ta toshe baki da ɗankwali.

Mutumin ya leƙa, ya ga awaki, ya fara naɗe igiyarsa. "To shi ke nan. An turo mu mu auna coci ne don a ba da izinin gyara. Tunda babu, sai mu koma mu ce babu. Sai dai a sake nema bayan damina."

Bayan damina! Da wane bango?

"Fentin fa?" na tambaya.

"Na shafa wa turakun iyaka ne, Iya."

Na riƙe rigarsa. "Ɗana, coci ne! Na rantse coci ne!"

"Yanzu kika ce rumbu."

Sai na kwance zanina a gaban maza, a gaban Mai Unguwa, na zaro gicciye na ɗaga sama. Malam Sule ya yi dariya har ya jingina da bangon, muka yi ihu kada ya faɗo masa. Shi ya shaida musu cewa ubansa ne ya ba da filin. Suka yi awonsu suna tsallake kashin awaki, ni kuwa ina jan buhu waje, ban ɗaga kai ba. A haka Pasto ya dawo ya same mu.

Izini ya fito, aka yi rufi kafin ruwa ya yi ƙarfi. Na koyi cewa idan tsoro ya ba ni dabara, in fara tambayar baƙo abin da ya kawo shi kafin in koro awaki.

Malam Sule ya rasu, Talatu ma. Pasto an mayar da shi Doguwa. Saura ni da Rifkatu, wadda har yau in mun haɗu a ƙofar coci sai ta rusuna ta ce, "Iya, yau nawa ake auna dawa a ciki?"