Wa Yake Fara Cin Abinci a Gidanku?

Makonni biyar ke nan, ranar wata Talata, na rufe shagon ɗinkina tun da hantsi, na ɗauki lema, na tafi filin makarantar unguwarmu karɓar rabon masu jego. Kada ku yi mini dariya tukuna. Shekaruna sittin da ɗaya, gemuna ya sha lalle, ban haihu ba, ba na kuma shayarwa. Surukata Shiuli ce ta haihu, matar ɗana Tofayel. Shi mijin yana can Dhaka, babban birni, yana ɗinka wa Turawa wanduna a masana'anta, don haka ni ne namijin gidan, ni ne kuma ɗan aikensa.

Abin da ya fitar da ni ba na wasa ba ne. Jikata Jui tana da wata biyu a lokacin, kuma ba ta ƙoshi. Ta kama nono ta saki, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Uwar ta rame, awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa. Sai ga mota da lasifika ta yi kwana uku tana zagaye gari, wai Kwamitin Tausayin Uwa da Jariri zai raba wa masu shayarwa kwando: ƙwai, madara, waken dal da man girki.

Na tarar da layi ya kai bakin kududdufi. Mata ne rungume da jarirai, ƙafafunsu cikin taɓo, sai mu tsofaffi uku ko huɗu da aka aiko. Maƙwabcina Kuddus mai shayi ya riga kowa zuwa da butarsa, domin duk inda gwamnati ta tara mutane ya san za a daɗe.

"Mozammel Bai, ɗan'uwana, barka da sauka lafiya," in ji shi. "Namiji ka samu ko mace?"

"Mace ce, kuma ta fi ka kyan gani."

"To sha shayi ko ruwan nonon ya kawo. Ka ga ka rame."

Shugaban kwamitin, Mai Girma Uban Masu Jego, bai iso ba sai bayan azahar, da motoci bakwai. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ke ɗauke da nauyin jarirai dubu ba zai yi sauri ba. Aka rataya masa furanni har wuyansa ya ɓace, ya hau dandamali ya shaida mana cewa shi ma shekara biyu cur ya sha nonon mahaifiyarsa. Muka dubi tumbinsa, babu wanda ya yi musu. Bayansa wani saurayi mai tabarau ya karanto abin da ya kamata mai shayarwa ta ci kullum: ƙwai, kifi ko nama, madara, ganye, 'ya'yan itace, ruwa mai yawa, da ƙarin shinkafa a kan wadda ta saba. Gaskiya babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ya karanta. Matar da ke gabana ta juyo ta tambaye ni ko na mako ne ko na wata.

Daga nan aka fito da kwanduna biyar, an ɗaure kowanne da jan zare. Aka zaɓi mata biyar masu jarirai ɓul-ɓul, Mai Girma ya miƙa, aka ɗauki hoto, aka sake miƙawa saboda a na farkon idonsa a rufe yake. Da aka gama tafi, sai wani mai baƙar riga ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana karɓar kwandunan cikin ladabi, yana mayarwa mota. Akwai sauran unguwanni uku da ke jiran ƙaddamarwa a ranar.

"Na san wancan kwandon mai karyayyen hannu," in ji Kuddus. "Bara shi ne na tsofaffi."

Manyan suka shige ofishin shugaban makaranta aka rufe ƙofa, ƙamshin shinkafar biriyani ya fito ta taga ya same mu. Mu kuma aka tura mu gaban wani tebur. Da layi ya zo kaina, magatakardan bai ɗago kai ba.

"Ina mai jegon?"

"Tana gida, ranka ya daɗe. Jiri take ji idan ta daɗe a tsaye."

"Sai ta zo da kanta, da jaririn, da takardar haihuwa, da hoto huɗu."

"Idan ta zo za ta samu kwando?"

"Za ta samu shiga jerin suna. Yau ƙaddamarwa ce. Rabo sai an kafa ƙaramin kwamiti."

Ya miƙo mini wata babbar takarda mai hoton faranti cike da abinci, da hoton Mai Girma a sama yana murmushi, kansa ya fi farantin girma. Na naɗe ta na dawo gida ruwa yana dukana.

Matata Momena ta buɗe takardar ta dudduba, ta tsuke baki. Ita tana da nata tsarin ciyar da mai jego, wanda ta gada daga uwarta: busasshiyar shinkafa, dakakkiyar habbatussauda da ɗan man mustad, ruwa kaɗan don ciki ya bushe. Ƙwai yana sa jariri ƙuraje, ganye yana sa shi ciwon ciki, kabewa kuma na manta laifinta.

"Baban Tofayel, waɗannan mutanen sun taɓa haihuwa?" ta tambaye ni.

Na ce ban bincika ba.

Ranar Alhamis Dilruba Apa, wato Yaya Dilruba, ta zo. Ita ce ma'aikaciyar lafiya da ke bin gida-gida a ɓangarenmu, da tsohuwar jaka da ma'auni, kuma ban taɓa ganin an rataya mata fure ba. Ta ɗaura ma'aunin a reshen mangwaronmu, ta sa Jui a cikin zani ta ɗaga. Ta dubi allurar, ta dubi katin awon Jui, ta sake duban allurar. Kallon nan ya fi mini komai nauyi, sai na koma ga abin da na iya, wato surutu. Na fara da motoci bakwai, na bi ta kan kwanduna, na sauka a kan biriyani. Ta bar ni na gama.

"Duk na ji, Baffa. Jiya me kuka ci a gidan nan?"

"Tarwaɗa. Ni da kaina na sayo, guda uku, masu rai."

"Madalla. Wa ya fara ci?"

"Ni mana."

"Nawa ka ci?"

Na dubi Momena. Momena ta dubi mangwaro.

"Biyu aka zuba mini," na ce.

"Ta ukun fa?"

Ta ukun an ajiye mini rabi don dare, sauran rabin Momena da Shiuli suka raba, da romo. Dilruba ta tambayi kajinmu biyu da ke kiwo a tsakar gida ko suna ƙwai. Suna yi. Ƙwai ɗaya nakan ci da gurasa kowace safiya, ɗayan ana tarawa saboda baƙi. Ta juya wajen Shiuli, wadda ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Ni ba na jin yunwa sosai, Apa," in ji Shiuli.

"Haka duk kuke faɗa," in ji Dilruba.

Ya ku masu karatu, shekara talatin da shida ina cin abinci a gidan nan. Ana shimfiɗa mini tabarma, a zuba mini, a tsaya a kaina ana ƙara mini, in tashi in wanke hannu in tafi shago. Ban taɓa leƙa tukunya na ga abin da ya rage ba. Ba wanda ya hana ni. Kawai ban taɓa tunanin akwai abin gani a ciki ba.

Dilruba ta zauna kusa da Momena a kan kujera 'yar tsugunno, ta yi mata magana a hankali. Habbatussauda tana da kyau, a ci gaba. Amma jikin mace ba zai fitar da abin da ba a sa masa ba. Ta sha ruwa duk lokacin da za ta ba da nono. Ta ci ƙwai, ta ci dal mai kauri, ga zogale nan a bayan ɗaki ba sai an saya ba, ga duma yana lilo a kan rufin kicin. Ta ci sau huɗu ko biyar, kuma kada ta zama ta ƙarshe.

"Mu haka aka yi mana, kuma ga mu nan," in ji Momena.

Ta faɗa da ƙarfi, amma ba ta ƙara komai a kai ba. Ni da ita mun san kafin Tofayel akwai wani yaro, wanda bai kai wata huɗu ba. Ba mu cika maganarsa ba. Ta tashi ta shiga kicin, na ji tana motsa tukwane fiye da yadda ake buƙata.

Washegari da rana aka shimfiɗa mini tabarma kamar kullum. Na ce ba zan ci ba sai Shiuli ta ci.

"Kana so unguwa ta ce mun zama me?" in ji Momena.

"Unguwa ta zo ta shayar da Jui."

Shiuli kuwa kamar ta nutse cikin ƙasa. "Abba, don Allah ka ci, ni ba zan iya ba."

Da gaske ba ta iya ba. An zuba mata, ta zauna tana juya shinkafa da yatsa, ni ina kallonta kamar ɗan sanda. Momena ce ta warware matsalar. Ta ce in ɗauki gemuna in fita waje, mace ba ta cin abinci ana tsaye a kanta. Na zauna a gindin mangwaro cikina yana ƙugi, ina jin muryarta daga ciki: "Ci, Bouma, matar ɗana. Ba wutsiya ba, tsakiyar kifin. Ƙara romo. Ga ruwa nan, shanye." Daga ranar ƙwan safe ya sauya mai shi. Momena ba ta taɓa cewa ta sauya ra'ayi ba. Kawai dai na ga zogalen bayan ɗaki ya fara zama tsirara.

Ba a rana ɗaya abin ya gyaru ba. Mako na farko kukan bai ragu ba, har na fara tunanin na yi asarar ƙwaina a banza. A mako na biyu Jui ta fara barci bayan ta sha. Jiya Dilruba ta dawo da ma'auninta, ta ɗaga, ta dubi allurar, ta ja layi a katin ya hau sama. Ta ce saura tafiya, amma hanyar ce. Shiuli ta yi dariya a gabana, karon farko tun da aka kawo ta gidan nan. Na buga wa Tofayel waya na faɗa masa, ya sa na maimaita sau biyu, sannan ya ce injin da ke kusa da shi ne ya cika ƙara.

Yau da safe Kuddus ya tare ni da jarida a hannu. Kwamitin Tausayin Uwa da Jariri ya fitar da rahoto cewa jariran yankinmu sun ƙara nauyi ƙwarai tun bayan ƙaddamar da shirinsa, har ana shirin ba Mai Girma lambar yabo a babban birni.

"Ka ga jikarka tana cikin lissafin," in ji Kuddus.

Na ce ban ƙi ba. Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya ƙara masa wuyan ɗaukar furanni. Roƙona ɗaya ne: idan an zo rubuta inda nauyin nan ya fito, a aiko wani ya auna ni. Zanen lungin da na yi shekara goma ina ɗaurawa da ƙyar, yanzu sai na yi masa ƙulli biyu kafin in fita masallaci.