Ranar da na koma shekara goma sha biyu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zaɓa wa kwamfuta alama ba, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba.

Jikata Rifkatu ce ke aikin gama karatu. Wai ƙaramin yare take ƙirƙira wanda za a riƙa ba kwamfuta umarni da shi. Wata rana ina tankaɗe a tsakar gidanmu na unguwar Sintali, ta zo da takarda ta ce ta rasa alamar da za ta riƙa haɗa kalma da kalma. Ta nuna mini ɗigo biyu, ta nuna mini alamar tarawa ta lissafi. Na duba da kyau. Ɗigon nan sai ka ce kashin ƙuda. Ɗayar kuwa itace biyu ne a giciye, kamar ɗaurin rumfa. Na ce ita za ta ɗauka. Ta ce ai wannan tana da aikinta na tara lambobi. Na ce haɗi duk haɗi ne, kada ta yi mini musu. (Yarinyar akwai biyayya, abin da ya cuce ta ke nan.)

Kafin Lahadi duk matan zumuntar cocinmu sun ji cewa da shawarata aka yi aikin.

Ranar gwaji na ci ɗauri na bi ta makaranta. Ta haɗa sunanta da na ubanta, abu ya fito daidai. Na miƙe na sanar da malamai cewa ni na zaɓi alamar. Babbansu ya gaishe ni, ya tambayi shekaruna. Na ce an ce saba'in da biyar. Ya ce wa Rifkatu ta jera bakwai da biyar da alamar, a ga shekarun Mama.

Rubutu ya fito a bango. Na rangaɗa guɗa.

Sai dariya ta ɓarke a ɗakin. Rifkatu ta matso kunnena.

"Kaka, ki zauna. Kwamfutar cewa ta yi shekarunki goma sha biyu."

Ashe kwamfutar tarawa ta yi, ba jerawa ba. Aka ba yarinya mako guda ta gyara ko ta maimaita shekara. Ta koma wa kashin ƙudanta, ta ci.

Ni da ban taɓa tsoma ludayin kunu a tukunyar miya ba, na ɗora wa alama ɗaya aiki biyu. Yanzu in ta zo da takarda, sai in ce idona ba ya gani.