Algaitar da ta ƙi yin shiru a bikin Safo

Ko da na so, ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanen matata a Safo ba. Na gaji da ba da labarin nan, amma in ban faɗa ba wasu za su faɗa, su ƙara gishiri.

Ni mai kiɗan fiyano ne a Madarunfa. A shekarar nan son burgewa ya kama ni, na ƙara fiyano na biyu, na haɗa su da wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, ta wayar MIDI. Wayar nan ba ta ɗaukar sauti, saƙo kawai take kaiwa: "busa nan", "saki nan". Ganga tana fitowa daga ordinater, ni kuma in danna fiyanon farko, saƙo ya ratsa ta cikinta, na biyu ya busa algaita. A ɗakina komai ya hau daidai. (A ɗakina akwai inuwa, kuma babu surukai.)

Bayan la'asar mata suka shigo fili. Ordinater ta sha rana, ta fara nauyi. In danna, sai algaita ta iso a makare, kamar amalanken jaki mai bin mota. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma ƙafar mai rawa ba ta yafe irin wannan. Gwaggon matata, Gwaggo Rabi, ta tsaya cak, ta riƙe ƙugu.

"Kai ɗan nan, wanne za mu bi? Kiɗi biyu nika ji."

"Yanzu za shi daidaita, Gwaggo."

Na koma dannawa kafin lokaci don in tarbi jinkirin a hanya. Shi kuma bai tsaya wuri guda ba, yanzu kaɗan, an jima da yawa. Gumi ya jiƙa min sabuwar shadda. Mata suka dinga zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai surukina, Alhaji, ya karɓi mikiro zai yi wa baƙi godiya. Na ji daɗi, na tsayar da komai. Ganga ta yi shiru. Algaita ta ƙi. Saƙon "saki nan" ya ɓace a hanya, ita kuwa ta kafe a kan murya ɗaya, fiiiii, ba numfashi. Na fizge wayar MIDI. (Wato na toshe hanyar da saƙon zai biyo ke nan.)

Alhaji bai dube ni ba. Ya ce a mikiro, a hankali, "Malam, a ɗan dakata muna."

Na ɗaga hannuwa biyu sama don kowa ya ga ba ni ke dannawa ba. Tsofaffin da ke kan tabarma suka ɗauka addu'a na fara, suka ɗaga nasu. Maza suka bi. Fili duka ya tsaya da hannuwa a sama, algaita tana kuka, ana jiran abin da zan roƙa. Wata tsohuwa ta gaji da jira, ta ce "Amin", ta shafa.

Na sunkuya na zare babbar wayar kura, mai kawo wutar lantarki. Algaita ta mutu, mikiro ma ya bi ta. Alhaji ya ƙarasa godiyarsa da maƙogwaro.

Yanzu a tsakar rana nake gwada kayana, kuma na san inda maɓallin kashe kowane fiyano yake. In abu ya lalace a gaban jama'a kuwa, hannuna a aljihu yake zama.