Sanarwar Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fargabar da ta hana shi zama wuri ɗaya, Injiniya, mai kula da rumbun manhajar lissafin magani, yake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar tsohuwar kwamfutarsa, wadda duk gidan ke kira Gwaggo. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a mazauninta na ƙarƙashin tebur, tana da shekara goma sha shida.

Ga wanda bai sani ba, a kan marigayiyar Injiniya ya fara rubuta wannan rumbu, ya sake shi kyauta ga duk mai so. A ba shi nauyin majiyyaci da ƙarfin magani, ya faɗi yawan da za a sha. Masu haɗa manhajojin asibiti da na kantunan magani suka yi ta ɗauka suna sakawa a nasu, har shi kansa bai san iyakar inda ya kai ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta gaggawa. In an kunna ta, sai mutum ya yi wanka ya shirya kafin ta gama buɗe ido. Ta sha ƙura, ta sha ɗaukewar wuta, ta sha shurin yara, ba ta taɓa riƙe kowa a rai ba. Ita kaɗai ta rage mai jin tsohon yaren kwamfuta da aka rubuta rumbun da shi, kuma a cikinta ne kawai ake ajiye gwaje-gwaje dubu tara da Injiniya ya tara shekara da shekaru. Maiɗakinsa ta sha ce masa ya kwafe su a wani wuri, ya sha ce mata gobe. In ana gwaji, fankarta na cewa "wuuu". In amsa ta yi daidai ta ce "ƙit". In an samu saɓani ta ce "ƙit-ƙit-ƙit", kuma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba.

Ciwon ajalinta ya faro ne da aikin alheri. Malama, abokiyar aikin Injiniya da bai taɓa gani ido da ido ba, ta kawo shawarar a sabunta rumbun: a mayar da shi sabon yare, a kuma rubuta wa kowane sashe irin abin da yake karɓa da irin wanda yake mayarwa, lamba ce ko rubutu. Wata huɗu suna yi. A nan suka gano cewa sashen da ke karɓar nauyin yara ba ya tambaya, ko kilo aka ba shi ko giram sai ya yi hasashe. Suka rushe shi suka gina sabo. Abin da ya rage shi ne Gwaggo ta gwada tsoho da sabo, ta shaida cewa amsarsu ɗaya ce.

Tun a ranar farko ta fara zafi da tari. Da ta wuce gwaji dubu biyar babu saɓani, Malama ta tambaya ko a jira. Injiniya ya ce mata jiran me, ta saki sabon rumbun kawai. Ta saki.

Yana tsaye bakin ƙofa yana ɗaure wa autarsa takalmi ya ji "ƙit-ƙit-ƙit". Kafin ya kai ga tebur allon ya yi baƙi, fanka ta tsaya, ƙaurin waya ya cika ɗakin. Ya danna, ya jijjiga, ya cire waya ya mayar, har da kiran sunanta. Ta gano inda sabon lissafin ya saɓa wa tsoho, ta tafi ba ta faɗi wurin ba.

Cikin awa huɗu aka janye sabon rumbun, amma kafin nan mutum ɗari shida da goma sha ɗaya sun sauke shi. Ɗaya kawai Injiniya ya sani a cikinsu: wata mai haɗa magani a sashen yara na wani asibiti, da ta rubuto tana godiya, ta ce har sun fara aiki da shi. Ya aika mata saƙo bakwai da lambar wayarsa. Har zuwa rubuta wannan sanarwa ba ta amsa ba. Mai yiwuwa saɓanin ɗigo ne da ba zai cutar da ko kiyashi ba, haka Malama ke faɗa masa. Mai yiwuwa kuma sifili ne guda, wanda zai ninka maganin yaro sau goma. In waya ta yi ƙara, sai ya yi wuf ya duba ko mai haɗa maganin ce.

Ta rasu ta bar allo ɗaya mai tsage a kusurwa, da madannai da suka rasa harafi biyu, da firinta da suka daɗe ba sa ga maciji. Ta bar kuma maigidanta, wanda ke roƙon duk mai amfani da sabon rumbun, don girman Allah, ya koma tsoho yau ɗin nan, ya kuma sake lissafa maganin kowane yaro da hannu.

Gawar tana shagon mai gyara. Ya ce faifan ajiyarta ya ɗan ƙone ta gefe, zai gwada ceto abin da ke ciki, amma kada a riƙe shi da alkawari. In ya gama ranar Asabar, za a naɗe ta a tsohon bargo, a saka a kwalinta na asali, a ɗora a saman kabad da ƙarfe goma na safe. Za a karɓi gaisuwa a falo. Iyalin na roƙon masu ta'aziyya su zo da ƙafarsu, kada kowa ya kira, domin an bar layin a buɗe saboda mutum ɗaya.