Kukan da Na Yi wa Ɗan Katun

Har gobe ba zan taɓa mantawa ba da takalman yaron nan. A jirgin metro na Dubai na fara ganinsa, a wayar matar da ke kusa da ni: ɗan shekara goma a wani katun na Japan, an turo shi ya kashe wani tsoho, amma sai da ya cire takalmi a bakin ƙofa saboda ladabi. Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya, nan take na kamu. Sati biyu ina bin labarinsa, ina ta muhawara da kaina: mai laifi ne, ko shi ma an zalunce shi?

Ranar da na kalli ƙarshensa ita ce ranar da zan fara gaida Hajiya, mahaifiyar Nura da zan aura. Ta zo sayayyar lefe, ta sauka gidan ƙanwarta a Bur Dubai. Na haye ruwa a kwalekwalen abra da idanu jawur.

“'Yata, me ya sami idonki?” in ji Hajiya.

Da na ce kwalli ne, da shi ke nan. Amma na tuna a littafi, jaruma mai taushin zuciya ita ke sace zuciyar suruka (Allah ya shirye ni). Na sunkuyar da kai na ce, “Wani yaro ne, Hajiya. An raba shi da iyayensa, an koya masa kisa. Ko cin abinci cikin mutane bai iya ba.”

Falon ya ɗauki salati. Ƙanwar Hajiya ta ce wanda ya kashe rai ya kashe rai, khalas, magana ta ƙare. Hajiya ta ce a'a, alhaki na wuyan wanda ya danƙa masa wuƙar. Ni kuwa ina ta ƙara gishiri, ina jin yau na ci jarrabawa.

Sai wata mata da ke ninke atamfofi a gefe, Ya Falmata, aminiyar Hajiya daga Borno, ta ajiye na hannunta. A hankali ta ce, “Yarinya, a wane daji aka gan shi? Yana da tabon ƙuna a hannun hagu? Nawa ɗan, shekararsa tara aka ɗauke shi.”

Na nemi ƙasa ta tsage, tayil ɗin Dubai ya ƙi.

“Ya Falmata... katun ne.”

“Katun?” in ji Hajiya. “Irin na yara?”

Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da an yi da na fi samun sauƙi. Ya Falmata ce ta miƙo hannu: “Nuna min shi.” Ta daɗe tana kallon yaron yana jera takalmansa. Ta ce, “Ai yaro ne. Wanda ya zana shi ya sani.” Ta miƙo min wayata, ta koma kan atamfofinta.

An dai yi auren, ko da yake har yau Hajiya “'Yar Katun” take kirana. Ɗan Ya Falmata kuwa ya dawo bayan shekara shida, yanzu ɗinki yake yi. Ta ce min har yanzu shi kaɗai yake cin abinci, ita kuma takan zauna daga bakin ƙofa har ya gama.

Ni dai tun ranar, kafin in baje hawayena a falon mutane, sai na duba ko akwai wadda ta fi ni haƙƙinsu.